John Tyndall: Safiyon da Ya Auna Bargon Duniya

Duk lokacin da aka tayar da maganar ɗumamar yanayi a aji ko a rediyo, abin da muke ji bai wuce sunayen manyan taruka da alkawuran ƙasashe masu masana'antu ba. Da wuya ka ji an ambaci mutumin da ya fara ɗura iska a cikin bututu, ya haska mata zafi, ya auna da allura ya ga wace iska ce ke riƙe zafi, wace ce kuma ke barinsa ya wuce. Sunansa John Tyndall, mu ce Tindal don sauƙin faɗa. Na zaɓi in kawo tarihinsa a wannan fitowar ne saboda mutum ne irinmu. Da awon ƙasa ya fara, da hannunsa ya ƙera kayan aikinsa, kuma sai da ya kai shekara 28 kafin ƙafarsa ta taka jami'a.

An haife shi a wani ƙaramin gari mai suna Leighlinbridge a ƙasar Ailan, wajajen 1820, wato shekara uku bayan rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, lokacin Muhammadu Bello na kan gadon Sakkwato. Mahaifinsa ɗan sanda ne mai ƙaramin muƙami, ba wani mai dukiya ba. Abin da ya iya yi wa ɗansa shi ne ya bar shi a makarantar garinsu har ya kusa shekara 19, a zamanin da 'ya'yan talakawa ke fita neman abinci tun suna ƙanana. A can yaron ya ƙware a lissafi da zanen taswira. A 1839 ya samu aiki a hukumar safiyo ta gwamnati, yana yawo da sarƙar awo a gonaki da tuddai, ruwa da sanyi duk a kansa. A 1842 aka mayar da shi Ingila, garin Preston.

A nan ne tarihinsa ya fara kama da na 'yan ƙungiyarmu. Ma'aikatan farar hula a hukumar, musamman 'yan Ailan, albashinsu kaɗan ne, ga wulaƙancin hafsoshin soja da ke shugabantarsu. Tyndall ya riƙa rubuta wasiƙu a jarida da sunan ɓoye yana tona asirin yadda ake tafiyar da aikin, ya kuma shiga cikin waɗanda suka kai kuka har gaban firayim minista. Sakamakon ba sai na faɗa ba: a 1843 aka sallame shi. Amma kafin nan ya riga ya samu abin da ba mai iya ƙwace masa, domin da daddare yakan je wata makarantar masu sana'ar hannu da ke garin, inda ake koya wa makanikai da magina kimiyya bayan sun tashi daga aiki. In ka ce kakar foliteknik ce, ba ka yi ƙarya ba.

Daga nan ya koma awon layin dogo, a shekarun da Ingila ta haukace da shimfiɗa reluwe. Aiki ne na ba dare ba rana, amma akwai kuɗi, kuma ya yi tattali. Duk wanda ya taɓa bin layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya dire Ƙauran Namoda, wanda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1920, ya san kafin a ɗora ƙarfe ɗaya sai wani ya taka dajin da ƙafa ya auna kowane tudu da kowane kwari. Irin wannan aikin ya yi na kusan shekara uku. A 1847 ya zama malamin lissafi da safiyo a wata makaranta mai suna Queenwood, inda ya yi abota da malamin kimiyyar sinadarai, Edward Frankland. Su biyun suka ga iliminsu bai ishe su ba. A 1848 suka tattara ɗan abin da suka tara suka nufi Marburg a Jamus, wajen Robert Bunsen, mai wannan murhun gas ɗin da ke kan kowane tebur a ɗakin gwaje-gwajenmu. Cikin shekara biyu Tyndall ya gama digirin dakta, yana tashi tun asuba a ɗaki mai sanyi don kada kuɗinsa su ƙare kafin karatun ya ƙare. A 1853 aka ba shi kujerar farfesa a Royal Institution da ke Landan, a gefen Michael Faraday, kuma shi ya gaji Faraday a shugabancin gidan a 1867.

Abin da ya ja shi zuwa ga maganar zafi, abin mamaki, ƙanƙara ce. Tun daga 1856 ya riƙa zuwa duwatsun Alps a Suwizalan yana nazarin manyan kogunan ƙanƙara masu gangarowa a hankali daga kan tsauni. Ya kamu da son hawan dutse har ya zama gwani. Shi da 'yan rakiyarsa ne suka fara kai wa ƙololuwar Weisshorn a 1861, dutsen da tsayinsa ya haura mita 4,500. Mu da muke haki kafin mu kai rabin dutsen Kwatarkwashi sai mu jinjina masa. To, masana zamanin sun riga sun gano cewa a can baya ƙanƙara ta taɓa lulluɓe rabin Turai, daga baya ta janye. Me ya sa duniya ta yi sanyi haka, me kuma ya ɗumama ta? Wani Bafaranshe, Joseph Fourier, ya riga ya yi hasashe tun shekarun 1820 cewa iskar da ta kewaye duniya tana da hannu a ciki. Amma hasashe daban, awo daban. Gani ya kori ji.

Kafin in bayyana gwajin, ga abu guda da ya kamata mu fahimta. Zafi iri biyu ne ke zirga-zirga tsakanin sama da ƙasa. Akwai wanda ke zuwa tare da hasken rana, yana ratsa iska kusan ba abin da ya tare shi, ya sauka kan ƙasa da dutse da kwalta. Akwai kuma wanda ƙasar ke mayarwa sama, wanda ido ba ya gani. Ka tsaya kusa da bangon bulo bayan sallar isha a watan Afrilu: ba haske, ba ka taɓa bangon ba, amma fuskarka na jin hucinsa. Wannan hucin shi ne zafin ɓoye. Dare da rana duniya tana fitar da shi zuwa sararin samaniya, kuma da shi take hucewa. Tambayar Tyndall ita ce: iska tana barin wannan zafin ɓoyen ya fita salin-alin, ko kuwa tana tare wani abu daga ciki?

A farkon 1859, shekarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya rasu, ya shiga ɗakin gwajinsa da ke ƙasan ginin ya harhaɗa na'ura. Bututun tagulla ne mai tsawon kamar mita ɗaya da 'yan kai. Bai toshe bakunansa da gilashi ba, domin gilashi kansa yana shanye zafin ɓoye. Sai ya yanko fallen gishirin dutse mai garai-garai, wanda zafin ke ratsawa, ya toshe da shi. A baki ɗaya ya ajiye gwangwanin tafasasshen ruwa, shi ne mai ba da zafi. A ɗaya bakin ya sa wata 'yar na'ura ta ƙarafa iri biyu da ke juya zafi ya zama wutar lantarki, wutar kuma ta motsa allura. Dabarar da ta fi burge ni ita ce, ya ajiye gwangwani na biyu a bayan na'urar, ya daidaita zafin ɓangarorin biyu har allura ta tsaya cik a kan sifili, kamar sikelin mai awon auduga da aka daidaita kafin a ɗora kaya. Daga nan ko ƙanƙanin zafi iskar cikin bututu ta shanye, sai sikeli ya rinjaya, allura ta motsa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Allurar ta riƙa karkata ba gaira ba dalili. Ya bi diddigi har ya gano cewa koren rinin zaren siliki da aka naɗe wayar da shi yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, shi ke jan allurar. Ya warware wayar kakaf, ya sake naɗe ta da farin siliki. 'Yan'uwana na sashen lantarki da na kimiyyar ɗakin gwaji, ku lura da wannan wurin: babban binciken nan ya kusa tsayawa a kan launin zare.

Da komai ya daidaita, sai sakamako ya fito ɓaro-ɓaro. Naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kashi 99 cikin 100 na busasshiyar iska, kusan ba su tare komai. Zafin ɓoye yana wuce su kamar ba su nan. Amma da ya ɗura gas ɗin fitilar da ake kunnawa a ginin, ranar 18 ga Mayu 1859, allura ta yi tsalle. Haka iskar kabon dayoksaid, wadda ke fita daga numfashinmu da gawayi da injin. Haka metan, haka ozon. Uwa uba tururin ruwa, wato laimar da ke cikin iska, wadda ya gano ita ce ta fi kowa riƙe zafi a sararinmu saboda yawanta. Ashe ba tulin iskar ke ɗumama duniya ba, 'yan tsirarun da ke gauraye a cikinta ne. Lissafin yau ya nuna da babu su, da matsakaicin zafin duniya zai tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon kusan digiri 15 da muke ciki. Shi da kansa ya kwatanta laimar da bargo, a wani wurin kuma da madatsar ruwa: ba ta hana kogi wucewa ba, amma tana sa ruwa ya yi zurfi a bayanta. Wanda ya san Bakolori ba sai an yi masa ƙarin bayani ba.

Ba kowa ya yarda ba. Gustav Magnus na Balin, wanda Tyndall ya taɓa aiki a ɗakin gwajinsa, ya ce ai laimar ce ke manne wa gishirin da jikin bututun, raɓar ce ke shanye zafin, ba tururi ba. Suka yi shekaru suna musayar takardu. Tyndall ya cire gishirin gaba ɗaya, ya sake gwajin da buɗaɗɗen bututu, sakamako bai canza ba. Magnus ya rasu a 1870 bai sauka daga ra'ayinsa ba, amma awon da aka yi daga baya ya gaskata Tyndall.

A ganina mu 'yan Zamfara mun fi Turawan Landan damar fahimtar wannan binciken, domin kowace shekara ana yi mana gwajin kyauta. Cikin Disamba da Janairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ba laima a cikinta ko ta magani. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Da rana akwai zafi, amma rana na faɗuwa ƙasa ta saki zafinta ya tafi sama ba mai tare shi, shi ya sa kafin asuba za ka ga mutane a tashar Tsafe sun kewaye wuta, masu ban ruwa a fadamun Bungudu suna karkarwa a bakin gulbi. Bargon ne aka yaye. Ka dawo watan Mayu, lokacin da iskar kudu maso yamma ta fara shigowa da laimar teku amma ruwa bai zauna ba: ka kwanta a tsakar gida a Gusau ƙarfe biyun dare kana zufa, fanka ma iska mai zafi take ba ka, in an samu wutar ke nan. An mayar da bargon. Tyndall da kansa ya kafa hujja da Sahara a littafinsa na zafi da ya fito a 1863, cewa rana ƙuna, dare kuma sanyi mai ratsa ƙashi, kuma bushewar iska ce sanadi.

Sai maganar gajimare, wadda ta fi wuya, kuma a nan zan ɗan daɗe. Gajimare ba tururi ba ne. Tururin da ya huce ne ya koma ƙananan ɗigon ruwa ko ƙanƙara. Kuma fuska biyu gare shi. Ta sama fari ne fat, yana mayar da hasken rana inda ya fito kafin ya iso ƙasa, shi ya sa ranar da hadari ya rufe a watan Agusta har riga mai kauri kake nema da tsakar rana. Ta ƙasa kuwa murfi ne, yana kama zafin ɓoye ya mayar mana, shi ya sa daren da sama ta yi lumshi ya fi daren taurari ɗumi. Wace fuska ce ke rinjaye? Ya danganta da irin gajimaren. Mai kauri na ƙasa-ƙasa ya fi sanyayawa. Siririn nan na can ƙololuwa, mai kama da gashin tsuntsu, yana barin haske ya shigo amma ya hana zafi fita, don haka ɗumamawa yake yi. Awon taurarin ɗan Adam ya nuna in aka haɗa duka, gajimaren duniya a yanzu sanyayawa ya fi yi: yana korar kamar wat 50 a kowace murabba'in mita, yana riƙe kamar 30.

Tambayar da ke hana masana barci ita ce, in duniya ta ƙara zafi, gajimaren zai canza ta wace hanya? In na ƙasa-ƙasan ya ragu, inuwarmu ta ragu ke nan, zafi ya ƙaru a kan zafi. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya karkata ga cewa canjin gajimare zai ƙara ɗumamar ne, ba rage ta ba, ya kuma ƙiyasta cewa ninka kabon dayoksaid sau biyu zai ɗaga zafin duniya da kamar digiri 3, tsakanin 2.5 da 4. Mafi yawan wannan tazarar ta tsakanin 2.5 da 4 gajimare ne ya jawo ta. Ga manomin gero da dawa da ke jiran ruwan shuka, bambancin digiri ɗaya da rabi ba lissafin allo ba ne.

Tyndall ya taɓa gajimare ta wata hanya daban. A 1868 da 1869 ya riƙa ɗura tururin wasu sinadarai a bututun gilashi yana haska musu fitila mai ƙarfi, sai ya ga ɗan gajimare yana haɗuwa a ciki, kuma kafin ɗigon ya girma launinsa shuɗi ne kamar na sama. Daga nan ya gane cewa ƙananan abubuwa masu yawo a iska suna warwatsa shuɗin haske fiye da ja. Lord Rayleigh ne ya kawo cikakken lissafin a 1871, daga baya kuma aka tabbatar ƙwayoyin iskar kansu sun isa su ba sama launinta. Amma har gobe wannan sandar hasken da kake gani ta hudar kwano a ɗaki mai ƙura da sunan Tyndall ake kiranta a littattafan kimiyya. Ƙurar hunturu kuwa manya ce, tana warwatsa kowane launi daidai, shi ya sa samanmu ke komawa fari-fari, rana ta zama kamar faifai. Wannan sha'awar ƙura ce ta kai shi ga ƙwayoyin cuta: ya nuna romo ba ya lalacewa a iskar da ba ƙura, ya kuma fito da dabarar tafasa abu sau da yawa a kwanaki jere don kashe ƙwayoyin da tafasa ɗaya ba ta kashewa. Ya ƙera wa 'yan kwana-kwana abin rufe hanci mai tace hayaƙi, ya yi gwajin ƙahon gargaɗin jiragen ruwa a cikin hazo.

Akwai abubuwan da bai kamata in rufe ba. Ba shi ne ya fara lura da kabon dayoksaid ba. A 1856, shekara uku kafin gwajinsa, wata Ba'amurkiya mai suna Eunice Foote ta ajiye tulunan gilashi a rana, kowane da irin iskarsa, ta ga mai kabon dayoksaid ya fi zafi kuma ya fi daɗewa bai huce ba, har ta rubuta cewa yawan wannan iskar zai ɗumama duniya. A taron masana da aka gabatar da takardarta, namiji ne ya karanta a madadinta. Tyndall bai ambace ta ba, masana tarihi kuma har yau suna jayayya kan ko ya ga aikin nata. Na'urarta ba ta iya ware zafin ɓoye daga hasken rana ba, tasa ta iya. Amma ita ta riga shi, kuma an manta da ita sama da shekara 150.

Abu na biyu ya fi ɗaci. A 1865 baƙaƙen fata a Jamaika suka yi bore a Morant Bay, gwamna Edward Eyre ya murƙushe su, aka kashe mutum sama da 400, aka yi wa ɗaruruwa bulala, aka ƙone gidaje. Da aka nemi a gurfanar da gwamnan, Charles Darwin da Thomas Huxley, aminin Tyndall, suka goyi bayan shari'a. Shi kuwa ya shiga kwamitin kare gwamnan, da hujjar da ta ginu kan raina baƙar fata. Mutumin da aka kora daga aiki don ya yi magana kan zalunci, ga shi yana kare wanda ya fi zalunci. Ban ga yadda za a wanke shi ba. Ya kuma yi ta rigima da limaman coci, musamman bayan jawabinsa na Belfast a 1874, inda ya nemi a bar wa kimiyya bayanin halittar duniya ita kaɗai.

Wani abin lura shi ne bai yi gargaɗi kan ƙona gawayin kwal ba, ko da yake a tsakiyar hayaƙinsa yake zaune. Abin da ya ce a 1861 shi ne sauyin yawan laima ko kabon dayoksaid zai iya bayyana sauye-sauyen yanayin da suka faru a can baya. Svante Arrhenius na Suwidin ne ya yi lissafin ninkawa a 1896, wani injiniyan tukunyar tururi, Guy Callendar, ya nuna a 1938 cewa zafin ya fara hawa. Lokacin gwajin Tyndall kabon dayoksaid bai kai kashi 290 cikin miliyan ba. Da aka fara awonsa kullum a Hawai a 1958 ya kai 315. Yanzu ya wuce 420. Mai karatu zai ce, to ai laima ce ta fi riƙe zafi, me ya sa ake ta kuka da kabon? Dalili shi ne laima ba ta daɗewa, cikin kamar kwana tara ta sauko a matsayin ruwa ko raɓa, kabon kuwa wani kasonsa ƙarnuka yake yi. Kuma duk digiri ɗaya da kabon ya ƙara, iska tana iya ɗaukar ƙarin laima kamar kashi 7 cikin 100, laimar ta ƙara nata zafin. Kabon ne direba, laima fasinja ce mai nauyi. Nahiyarmu gaba ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa, amma a farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali.

Bai yi aure ba sai a 1876, yana da shekara 55, ya auri Louisa Hamilton. Ba su haihu ba. Kuɗin da ya samu a rangadin laccocinsa na Amurka a 1872 da 1873 ya bar su can don tallafa wa ɗaliban kimiyya. Ya yi ritaya a 1887 ya koma Hindhead, kudu da Landan, yana fama da rashin barcin da ya daɗe yana damunsa da ciwon ciki. Kwalabe biyu ke gefen gadonsa, ɗaya ta maganin ciki, ɗaya ta maganin barci mai ƙarfi. Da safiyar 4 ga Disamba 1893, shekarar da Basasar Kano ta ɓarke, Louisa ta ɗauki kwalbar da ba ita ba ta zuba masa da yawa. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, kafin dare ya cika. Binciken hukuma ya tabbatar tsautsayi ne.

Louisa ta rayu shekara 47 bayansa. Ta tattara wasiƙunsa da littattafan gwajinsa da niyyar rubuta tarihinsa da kanta, amma ba ta gama ba har ta rasu a 1940. Littafin tarihinsa na farko bai fito ba sai a 1945, lokacin da yawancin waɗanda suka san shi sun riga sun kwanta dama.